Nono a Tayar Keken Baba

Jama'a, yau saura ƙiris Baba ya sha fura da gam ɗin taya.

Kun san ƙaya ta ishe shi a hanyar gonarsa ta Tafashiya, kullum faci. Shi ne Yaya ya aiko mishi da taya marar tif daga Kano, haɗe da bawul da wani farin gam da ake ɗurawa ciki ya riƙa toshe huda. Robar gam ɗin na yoyo, sai na juye shi a gorar ruwa, irin wadda Inna ke sayen nono a ciki.

Na kai keken da gorar wurin Malam Sale mai gyara a Kankia. Ya naɗe rim da salatif, ya ɗaure bawul, ya ɗura ruwan, ya buga iska. Sai ya shinshina yatsansa.

"Hafsa, gam ɗin Kano tsami gare shi?"

Na ce, "Malam, don Allah gama in tafi."

Ya lasa. "Wallahi nono ne."

Ashe gorar nonon Inna na ɗauko! Na tare mashin sai gida. Na iske Inna tana damu, ludayi na liƙewa a ƙwarya, Baba na cewa, "Miƙo haka nan, yunwa nike ji." Na fizge ƙwaryar!

Abin da na kasa ganewa, Malam Sale ya kira yanzu, wai tayar ba ta sace ba. Baba ya ce kar a taɓa mishi ita, gobe zai hau ya ga iyakar nonon.