Motar Kano Sai Ta Cika

Ni dai Allah bai haɗa jinina da mota ba. Tun ina yarinya a Ƙofar Dundaye, da na shaƙi warin fetur sai cikina ya fara juyawa, kafin a yi nisa jiri ya kwashe ni, sai amai. Abin bai taɓa damuna ba, don duk inda nake da zuwa ƙafata tana kai ni. Sai da ɗiyata ta yi aure a Kano, gidan wasu mahauta abokan cinikin marigayi mahaifinta, sannan na san ciwo gare ni.

Ita kaɗai Allah ya bar mini. Bayan tafiyarta gidan ya yi mini girma, har nakan kunna rediyo ba don in saurara ba, don dai in ji ana magana a tsakar gida. Da ta samu ciki na sa rai za a kawo mini ita haihuwa gida, yadda aka saba a haihuwar fari, sai likita ya hana ta doguwar tafiya. To wa zai dafa mata ruwan wankan jego, wa zai dama mata kunun kanwa? Na ce ni zan je, ko a kwance ne.

Nan fa kowa a unguwa ya zama likita. Maƙwabciyata mai koko ta ce in yanka lemun tsami in riƙa shaƙa. Wata ta ce in danne kanumfari a kunci. Tsohuwar ƙarshen lungunmu kuwa rantsuwa ta yi a kan takarda, wai a manna ta a ƙirji ƙarƙashin riga.

"Ke dai jarraba," in ji ta. "Ni da ita nit tai Gusau, ko tohin yawu ban yi ba."

Sai na shiga gwaji. In tari napep zuwa Kalambaina, can bayan gari wajen kamfanin siminti, in juyo, ba wanda nake zuwa gani, ba kuma wanda ke jirana in dawo. Lemun ya ɗan yi ƙoƙari, amma kafin mu hangi ƙurar siminti na cika leda. Kanumfari ya ƙona mini harshe a banza. Takardar kuwa ban ga abin da ta tsinana ba sai ƙaiƙayi.

Daga ƙarshe na sauke girman kai na je kemis. Mai kemis ɗin ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi.

"A sha kahin a shiga mota, Inna," ya ce. "Tana sa kwana. Kuma da shekarunki, guda ɗai a yini, kada ki ƙara wata bisa wata."

Na gwada. Na je Kalambaina na dawo ina gyangyaɗi, cikina lafiya lau. Ranar har shinkafa da miya na dafa wa kaina don murna.

Da aka bugo waya cewa ɗiyata ta sauka lafiya, namiji, na daka yajin jego, na haɗa shi da kanwa da daddawa a buhu. Washegari ina idar da sallar asuba na haɗiye ƙwayata, tun a ɗaki, don an ce kafin a shiga mota. Na isa tasha ni ce ta farko. Wanda bai saba tafiya ba ina zai san motar haya ba ta tashi sai ta cika? Na zauna a kujerar baya na yi barci mai daɗi, irin wanda na daɗe ban yi ba, a cikin motar da ko motsi ba ta yi ba. Da na farka rana ta take, idona ya washe tar, fasinja na ƙarshe yana shiga, direba yana tayar da mota.

Kafin mu kai Shuni na fara amai. Ledar farko, ta biyu, sai kakari ba abin fitarwa. Mutanen kirki ne, suna ta yi mini sannu, amma kowa ya juya fuska wajen taga. Ga ƙwayoyin a ƙulle a bakin zanena, ga gargaɗin mai kemis a kunnena. A Dange direba ya tsaya ya leƙo.

"Inna, Kano fa da nisa. Ko Mafara ba mu kai ba."

Da kaina na ce ya sauke ni. Buhun na bar masa ya kai tashar Kano, surukina ya zo ya karɓa. Na zauna gindin wata bishiya ina kallon motar har ta ɓace, na yi kuka irin na yara, ba mai ba ni haƙuri.

Da na koma gida na kwana biyu na dawo hayyacina, na kira ɗiyata. Muryarta a gajiye amma da fara'a, ina jiyo kukan jaririn, da wata murya tana cewa a miƙo mata shi.

"Inna, don Allah kar ki sake gwadawa," ta ce. "Yajin ya iso. Mama tana yi mini komai, ita take yi mini wanka safe da yamma. Wallahi ban rasa komai ba."

Uwar mijinta take nufi. Da ma na kira ne in gaya mata na gano kuskuren, sai direba ya tayar da mota ake sha, gobe ina tafe. Sai na ce mata to, Allah shi raya, a gaida Mama da aiki.