Tafin da Ya Kori Norval Daga Fili

Shekara ashirin da shida Norval Tibbets yana yanke ciyawar filin zari-ruga na sakandaren garinmu a Texas. Ranar da muka kara da makarantar maƙwabtanmu a wasan kifa ɗaya ƙwala, wani ɗan wasansu ya faɗi, ƙafarsa ta karye. Sai mutanenmu suka miƙe da sowa da tafi.

Norval ya dubi amininsa Dwight, wanda ya fi kowa ihu.

"Haba Dwight! Ɗan mutane ne fa a kwance!"

"To ɗanka ne? Zauna mana, tsoho!"

Norval ya ja tsaki, ya tofar da yawu, ya sauka ya taya masu ɗaukar yaron. Mu muka ci wasan. Ranar Litinin ya ajiye aikin.