Dattijo Mai Tufkar Igiya

Shekarar da na sayi kyamara, ba abin da nake so kamar ɗaukar fuskokin mutane dab da dab. Ranar kasuwa nakan hau bas daga Kiru zuwa Tudun Wada, in yi ta zagaye. Ba na ɗaukar kowa sai na gaishe shi na nemi izini. Wasu su yarda, wasu su ce me za a yi da fuskarsu.

Wata rana da hantsi na ga wani dattijo a gindin darbejiya kusa da tasha, yana tufkar igiya da zaren buhu. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Bai yi musu ba. Ya ajiye igiyar, ya gyara zama, ya tambaye ni ina zai duba. Sai a lokacin na lura farar yana ta rufe idanunsa duka biyu.

Na matsa kusa har ina jin ƙamshin goron da yake taunawa, na ɗauka sau uku. Don sabo, na miƙa masa kyamarar ya gani. Ya yi murmushi, ya ce ya daɗe rabonsa da ganin fuskarsa, ko a madubi inuwa kawai yake gani.

"Kai da ka gani, ɗana, faɗa mini yadda na koma."

Kunya ta kama ni. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na fara da goshi. Na ce akwai wani tsohon tabo a saman girar hagu. Ya shafa wurin, ya ce shebur ne ya sare shi lokacin da yake wankin kuza a Riruwai, tun yana saurayi. Sai ya tambaye ni gemu. Ya ce 'yarsa kullum tana ce masa da sauran baƙi, amma bai yarda da ita ba. Na ƙara girman hoton na duba sosai.

"Baba, ya yi fari fat. Amma a ƙarƙashin leɓe da sauran baƙi kaɗan."

Ya ce ashe yarinyar ba ƙarya take masa ba. Wani mai sayar da albasa da ke gefe ya ce in faɗa masa giɓin haƙoransa ma. Dattijon ya fashe da dariya, ni kuwa na sake ɗauka. Wannan hoton na ƙarshe shi na wanko.

Da kasuwa ta zagayo na kai masa. Ya shafa takardar da babban yatsa, ya tambaya ina ne sama, na juya masa. Ya ce zai kai wa yayarsa a Burumburum, ita har yanzu idonta garau. Ya sa a aljihun gaba, ya matsa mini a kan tabarma, ya tambaye ni ko dawa ta fara fitar da kai a wajenmu.