Sobon Inna a Ajin Kemistiri

Shekarun baya, 'yan watanni bayan mun dawo Mubi daga gudun rikici da muka yi zuwa Yola, aka tura ni gwajin koyarwa a wata sakandare ta wajen Gella. Ina shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai, kemistiri nake karantawa, kuma rikicin ya riga ya cinye mini kusan shekara guda. Kullum da safe in hau keke napep daga gidanmu a Lokuwa zuwa tasha, daga nan in shiga ƙaramar bas.

Ranar da na fara zuwa, shugaban makarantar ya ce bari ya nuna mini ɗakin gwaje-gwaje. Ko makulli bai ɗauka ba, don ƙofar ma babu ita. Abin da ya rage a ciki tebur ɗaya ne, da fasassun kwalabe, da kashin awaki. Ya ce, "Malama, haka muka dawo muka same shi. Sai haƙuri da allo."

Da allon na yi ta fama har mako uku. Sai ga saƙo cewa malamin da zai duba ni zai zo ranar Alhamis, kuma darasin makon shi ne asid da kishiyarsa. Mutumin nan kowa a kwaleji ya san shi: idan ka koyar da kimiyya da baki kawai, bai ga yara sun taɓa komai ba, to ka shirya maimaita gwajin baɗi. Ni kuwa ba ni da wata shekarar da zan ƙara zubarwa.

Abin da nake buƙata ƙaramin abu ne, wata 'yar takarda da ake kira litmos, wadda ke canza launi idan an tsoma ta a ruwa mai asid ko mai kishiyarsa. Na zaga kasuwa kwana biyu. Mai shagon da ke sayar da kayan makaranta bai dawo daga Kamaru ba, sauran kuma ko sunan ba su taɓa ji ba. Wani ma takardar naɗe tsire ya miƙo mini.

Ranar Laraba da la'asar na dawo gida a gajiye, na zauna a ƙofar kicin fuska a murtuke. Mahaifiyata tana tsakanin tukwane biyu, miyar yakuwa a kan wuta, ga kuma babbar robar sobon da take ƙullawa ta sayar. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma lafiya?"

Na ce, "Inna, abin makaranta ne, ba za ki gane ba."

Allah Ya yafe mini wannan magana. Sai kawai ta ce in tashi in ɗebo mata sobo a kofi ta ɗanɗana kafin ta zuba sukari. Na miƙe da ƙyar, na ɗauki ludayin da ya fi kusa da ni, ban lura cewa a cikin kwanon jiƙaƙƙiyar kanwa yake ba. Ina zuba sobon a kofi, jan nan ya mutu a gaban idona, ya koma wani kore mai duhu kamar ruwan mayo, wato kogi, da damina.

Inna ta yi salati. "Da ludayin kanwa kika ɗiba? Allah Ya sa ba ki mayar da shi cikin robar ba!"

Ta karɓi kofin, ta yanka lemun tsami ta matsa a ciki. Ya ɗan yi kumfa, sai ga ja ya dawo, har ya fi na dā haske.

Na ƙura wa kofin ido. Na ce, "Inna, sake yi."

"In sake me? Sobon sayarwa ne, ba na wasa ba."

Amma ta sake. Na tambaye ta yadda ta san lemu zai dawo da shi. Ta ce, "Kanwa tana kashe tsami, tsami yana kashe kanwa. Don me kike zaton nake sa ta a miyar yakuwa?" Abin da na haddace a littafi da dogon Turanci, na rubuta a jarrabawa har sau biyu, shi ne ta faɗa mini tana juya miya.

Kafin magariba mun gwada ruwan toka, da ruwan sabulu, da tsamiya, da nono mai tsami. Ita ce ma ta ce in sirka sobon da ruwa sosai, don idan ya yi kauri canjin ba ya fitowa. Ta ba ni kofunan gilas ɗinta guda shida na baƙi, tare da gargaɗin cewa idan ɗaya ya fashe kada in dawo gidan.

Washegari na shiga bas rungume da kwando kamar mai zuwa talla. Mai dubawar ya riga ni isa, yana zaune a bayan aji da takardunsa. Ya dubi jarkar sobo, ya dube ni, ya rubuta wani abu. Na ajiye kwandon a kan tebur.

Na fara da bayani: abubuwa masu tsami irin su lemu da tsamiya suna da asid, irin su kanwa da toka kuwa kishiyarsa ne, a Turance ana ce musu alkali. Ajin ya fashe da dariya. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malama, alƙalin kotu?" Na ce wannan ma hukunci yake yankewa, ta zo ta gani da hannunta.

Ta zo tana ɗari-ɗari, ta ɗiga ruwan kanwa a kofin farko. Da ya koma kore, sai ajin ya ɗau ihu. Yaran nan da yawansu sun yi kwanaki a kan duwatsu lokacin gudu, kuma tun da na zo ban taɓa jin sun yi hayaniyar murna ba sai ranar. Kowa yana so ya ɗiga. Na raba su gida-gida, kowane rukuni da kofinsa, su fara faɗin abin da suke tsammani kafin su zuba.

Sai na so in burge. Na cika kanwa a kofi ɗaya, na kwarara ruwan lemu a kai gaba ɗaya. Kumfa ya taso ya malale tebur, ya gangaro daidai kan takalmin mai dubawar, wanda ban san ya taso ya tsaya kusa da ni ba. Na ce a raina shi ke nan, sai baɗi.

Ya dubi takalminsa, ya ce da ajin, "To, wa zai gaya mini daga ina kumfan ya fito?" Babu wanda ya sani. Ya juyo gare ni. Na bayyana cewa haɗuwar tsami da kanwa tana sakin wata iska, irin wadda ke tashi idan an buɗe lemon kwalba. Ya gyaɗa kai.

Bayan an tashi ya kira ni. Da irin Hausarsa ta mutanen duwatsun nan ya ce, "Malama, wannan dabara wane ne ya koya maka?" Na so in ce a littafi na gani, amma kunya ta hana ni. Na ce mahaifiyata ce. Ya ce in gaishe ta, sannan ya nemi a ba shi ragowar sobon da ba a taɓa ba, ya shanye ba sukari, yana yamutsa fuska. Na ci gwajin, da maki mafi kyau da na taɓa samu.

Da na ba Inna labari, kofunanta ta fara ƙirgawa. Da ta ga sun cika shida ta ce, "To, ni yaushe za su ba ni tawa takardar?"

Yau makarantar da nake koyarwa tana da ɗakin gwaji da kayansa, amma duk sabon aji sai na tura su gida su tambayi iyayensu mata me ya sa suke yin kaza a girki. Na daina ɗauka cewa wanda bai san sunan abu da Turanci ba bai san abin ba. Kuma gaskiyar da ban cika faɗa ba ita ce, da duk karatuna, har yanzu idan na dafa miyar yakuwa sai na cika mata kanwa. Inna kuwa da yatsu uku take ɗiba, ba ta ko kallo, kuma ba ta taɓa kuskure ba.