Bridie Mulhern da Layin da Aka Goge

Bridie Mulhern ta shekara arba'in da ɗaya a hawa na huɗu, cikin wani tsohon bene da ke Layin Corrie, bakin kogi a Glasgow. Wankau take yi, hannayenta kullum jajaye, bakinta kuma ba linzami. Mu muna hawa na biyu, saboda haka na san ƙarar takalminta tun ban iya tafiya ba.

Mijinta Dinny yana aiki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, har ranar da wani ƙarfe ya faɗo masa a ƙugu. Daga nan bai sake takawa ba. Abin da ya rage masa taga ce, da rediyo, da ƙuri'arsa. Ita kuwa ƙuri'ar nan, wallahi ko limamin coci bai isa ya taɓa masa ita ba. Yakan ce tun da ya isa zaɓe bai taɓa fashi ba, kuma ba a kan kujera zai fara ba.

A lokacin mazaɓarmu tana da masu zaɓe dubu hamsin, duk a cunkushe cikin 'yan layuka. Jam'iyyarmu ke cinyewa tun kafin yaƙin duniya. Sau ɗaya ta suɓuce mana, a wani zaɓen cike gurbi, Dinny ya yi kwana uku ba ya kula kowa. Ranar zaɓe maza huɗu na benen ke sauko da shi a kan kujerar kicin, Bridie na biye tana masifa, wai su yi hankali da kujerar, don ta fi mijin wuyar samu.

Sai aka yi mana alkawarin sababbin gidaje masu banɗaki a ciki. Muka zaɓi masu alkawarin, har da tafi. Aka shiga rushe unguwa layi bayan layi, ana kwashe mutane zuwa bayan gari. Masu zaɓe suka koma dubu talatin, suka koma dubu sha takwas. Daga nan aka ce mazaɓar ta ƙanƙance, wannan zaɓen ne na ƙarshe, za a yayyanka ta a liƙa wa maƙwabta. Ni ma na tattara iyalina na tafi. Su Bridie kaɗai suka rage a layin, suna jiran gidan ƙasa da aka ce za a ba su saboda lalurar Dinny.

Dinny ya kafe sai ya yi wannan zaɓen. Katin zaɓe bai zo ba, amma ai mai kawo wasiƙa ya daɗe da daina hawa benen. Ni a lokacin ina da 'yar motata, ina yi wa jam'iyya jigilar tsofaffi zuwa rumfa, sai Bridie ta aiko mini. Ni da ita muka sauko da shi, tana da shekara sittin da shida, tana haki tana ce masa tsohon banza mai nauyin tsiya. Shi kuwa ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci.

A makarantar da ake zaɓe, ma'aikaciyar ta duba rajista sau biyu.

"Baba, babu Layin Corrie a nan. An rushe shi tun bara."

Bridie ta ce, "An rushe shi? To a ina na shanya wandon mutumin nan yau da safe?"

Babban jami'in ya zo ya ba da haƙuri, ya ce doka ba ta ba shi ikon ƙara suna ba. Dinny kuwa hularsa kawai yake murzawa.

Muna fitowa wakilin ɗan takararmu ya tare ni, wai tsofaffi uku na jirana a wani layi, kuma motar ta masu ƙuri'a ce. Na zaunar da su Bridie a bencin ƙofar makaranta, ana yayyafi, na ce minti ashirin na dawo. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Tsofaffi uku suka zama goma. Da na dawo bayan awa uku, babu su.

Baro ta ara wajen mai gadi ta tura shi gida. Hawa da shi kuma ya gagare ta, ga shi babu kowa a layin da za ta kira. Ya yini a jiƙe a gindin matakala, kafin ta samo motar asibiti. Sanyi ya kama masa huhu, kwanansa tara ya rasu.

A maƙabarta na je yi mata ta'aziyya, ina ta laluben abin faɗa. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin.

"Ɗan nan, da ratar ƙuri'a nawa kuka ci?"

Na ce dubu shida da wani abu.

Ta gyara ɗankwalinta. "Dubu shida. Ashe da ka mayar da shi gida ma, da kun ci."