Yatsun Sanda Makaɗi

Sanda makaɗin kalangu ne, ɗan Zariya, wanda ya sauka Agege jim kaɗan bayan samun 'yancin kai. Kowace safiya yakan tsaya bakin rumfunan mahauta yana kiɗa, jama'a su san an yi yanka.

Masu cewa jahilci ne kaɗai ke kai mutum sabuwar tafiya ta addini ba su yi nazari ba. Sau da yawa mutum yakan bi waɗanda suka ɗauke shi mutum ne, hujja ta biyo baya. Haka ta faru da Sanda. Da aka aiko masa da rasuwar mahaifiyarsa, manyan da ya daɗe yana wasawa da ganga suka yi masa gaisuwa a tsaitsaye. 'Yan Faila kuwa, masu sabuwar zawiyar Tijjaniyya da ake yi wa dariya a unguwar, suka zo suka zauna a tabarmarsa, suna kiransa ɗan'uwa. Bai daɗe ba ya karɓi wuridi a hannun muƙaddaminsu, Malam Balarabe.

Ya bar taba, ya bar yi wa marowata zambo. Matarsa Dije ta ce tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa ganin Magariba ta same shi a unguwarsu ba sai yanzu.

Abu guda ya gagare shi: yatsunsa. Da an zauna wazifa, an kewaye farin ƙyalle, murya ta haɗu, sai su kama kiɗa a kan gwiwarsa ba da saninsa ba. Ya zauna a kansu, suka zame. Ɗariƙar kuwa ba ta zikiri da ganga, saboda haka tsoro ya kama shi, kada a kore shi daga wuri ɗaya tak da ake matsawa a ba shi wuri ya zauna.

Wata Juma'a bayan La'asar, ana zaune a zawiya, yatsun suka sake kama kiɗa, sai Alhaji Ƙasimu dillalin shanu ya yi magana a gaban kowa.

"Allah gafarta Malam, zawiya muke ko mahauta? Saura kaɗan in tambayi kuɗin cinya!"

Aka fashe da dariya. Sanda ya sunkuyar da kai, ya fara laluben takalmansa.

"Ina za ka, Malam Sanda?" in ji Malam Balarabe. "Da sani kake yi?"

"Wallahi, Allah gafarta, ni ma ji nake kamar na wani ne."

"To, hannun da ya saba aiki ba a ce masa ya zauna haka kawai. Sai dai a sake masa aiki."

Malam ya cire babbar tasbahar da ake ƙirga wa jama'a zikiri, ya ɗora masa a cinya. Aiki ne da ba a ba kowa sai amintacce. Sanda ya riƙe ta da hannu biyu.

Aka fara hailala. Ƙwaya na bin ƙwaya, yatsun suka samu abin yi, gwiwa ta huta. Da aka shafa, Alhaji Ƙasimu ya miƙo masa hannu.

"Ɗan'uwa, gobe ma kai za ka ja. Amma ka rage sauri, mu tsofaffi numfashinmu gajere ne."