Tuwo a Tsibiran Scotland

Lokacin da kuɗin mai ya fara zuba a Najeriya, maigidana yana aiki a wani ofishi kusa da tashar Charing Cross a London. Ya yi hayar irin motar nan mai gado da murhu a ciki, ya ce za mu zaga tsibiran Scotland, daga ni sai shi. Na soya dambun nama da cincin, ina ta ɗoki.

Ana gobe tafiya, sai ga shugabansa ya sauka daga Legas da wani abokinsa. Ya leƙa motar ya ce, "Ai da mu za a je."

Maigidana ya rusuna. "Ranka ya daɗe, motarka ce."

Su ukun suka cika gaban motar, ni ina baya da tukwane. Duk tsibirin da jirgin fito ya sauke mu, sai su fice kallon teku, a bar ni ina tuƙa musu tuwon semolina, tururi ya rufe gilashin.

Bayan mun dawo London aka ƙara wa maigidana girma. Ya tambaye ni wane tsibiri ya fi burge ni. Na ce ban san sunan ko ɗaya ba. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.